Injin Niƙa a Kan Amalanke

Shekaranjiya ina durƙushe bayan inji ina ɗaure noti, na ji Nura mai cajin waya yana gaya muku wai niƙa ba sana'a ba ce, zuba sama ka tara ƙasa ne kawai, ko akuya aka koya wa za ta iya. Kuka kwashe da dariya. Kun ɗauka ban ji ba, don an san mai niƙa kunnensa ya sha ƙara. To na ji, Nura. Kunnen hagu ne ya tafi, na dama yana nan daram, kuma shi ne ta wajen rumfarka. Yau Juma'a ce, ba na tayar da inji sai an sauko daga masallaci, ku kuma kun zo kun cika mini benci kuna shan inuwa kyauta. Ku kife wayoyin nan ku biya kuɗin inuwa da kunnuwanku. Ba roƙonku zan yi ku koyi niƙa ba, wallahi ko kun zo ba zan ɗauki rabinku ba. Labarin wani inji zan ba ku, wanda shi kaɗai ne abin da na mallaka a duniya, da yadda na ɗauke shi da hannuna na kai shi inda na san ba zai daɗe ba.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a ɗebo ruwa ne. A Kaura Namoda ke nan, bayan tashar jirgi, a rumfar Baba Tukur da ake kira Kurma. Ba da kurumta aka haife shi ba, inji ne ya cinye masa kunnuwa duka biyu. Mahaifina ya kawo ni daga ƙauyenmu na wajen Moriki, ya danƙa ni a hannunsa, ya juya ko waiwaye bai yi ba. Injin Baba irin na da ne, baƙi ƙirin, mai manyan ƙafafun ƙarfe biyu da ke juyawa gefe da gefe, yana shan man gas, yana huce zafinsa da ruwan duro. In ruwan duron ya ja baya, inji ya ƙone. Don haka ni da rijiya muka ƙulla zumunci. Damina ta wuce, rani ya wuce, ban taɓa hannun tayarwa ba. Da na gaji na yi ƙorafi, sai ya ƙara mini girma, ya sa ni laluben hatsi. Duk kwanon da aka kawo sai na cusa yatsu har ƙasa kafin a zuba. Abin da na tsamo daga hatsin mutane, da tarawa na yi da na buɗe shago. Ƙusa, tsakuwa, allura, ɗan kunne, har haƙorin tsohuwa na taɓa samu. Ƙusa ɗaya ta isa ta tsaga dutsen inji, wato faifan ƙarfen nan biyu da ke murƙushe hatsi a tsakaninsu, kuma a lokacin sai an aika Kano kafin a samo wani.

Ranar da ya yarda in tayar, sai da ya kama babban yatsana ya kwantar da shi gefe ɗaya da sauran. Ba a zagaye hannun tayarwa da babban yatsa. Za ka juya, ka juya, har ƙafafun su ɗauki gudu, sannan ka sauke ɗan ƙarfen da ke riƙe numfashin inji, ka zare hannun a daidai lokacin. In ka yi nawa, ko inji ya yi tutsu ya dawo baya, hannun nan kai zai nema. Akwai wani ɗan dambe daga Kurya Madaro, ƙato, ya kawo niƙan uwarsa ya tarar ina fama, ya ture ni ya ce in ba maza wuri. Baba ya ba da baya, bai ji abin da ake ciki ba. Inji ya mayar wa ƙaton nan hannun a haɓa. A cikin dusa muka tsinci haƙoransa, kuma daga ranar in ya hango rumfarmu sai ya tsallaka titi. Kun gan ni kullum cikin 'yar shara matsattsiya kuna cewa rowa ce ta hana ni ɗinka babbar riga. Bel ɗin inji ne ya hana ni. In ya kama bakin riga ba ya tambayar ko ta wane ce, na ga wanda ya naɗe, ba na so in sake gani.

Mu zo kan zuba sama ka tara ƙasa ɗin. Gidan da ya aiko da dawa tuwo za su yi, gari mai laushi suke so. Maƙwabciyarsu ta aiko da masara amma dambu za ta yi, tsaki take so, in ka lausasa mata ka ɓata mata abincin rana, gobe kwanonta ya koma rumfar wani. Geron fura da nasa hannun, waken ƙosai kuma markaɗe ne da ruwa. Da maɗauri ɗaya mai matse duwatsun nan biyu ake yin duk wannan, ka matsa ko ka sassauta, ɗaya hannun naka yana ƙarƙashi yana murza abin da ke zubowa. Hatsin da aka surfa aka wanke bai tsane ba, in ka zuba ya liƙe ya toshe maka inji. In ka niƙa barkono, ba ka bin sa da geron kunun mai jego sai ka wanke inji da dusa, ka sake wankewa. Haka in an wasa dutse, dusa ce ke fara shiga ta kwashe ɓurɓushin ƙarfe, a zubar da ita, ko kaji ba a ba su. Yawancin matan da nake yi wa aiki ban taɓa ganin fuskarsu ba, kwanonsu na sani. A rumfar niƙa kwano ke bin layi ba mutum ba, kowanne da ƙyallen da aka rufe shi, kuma kada Allah ya kai ka ranar da za ka juye garin gidan liman a kwanon gidan mahauta.

Ni ba sai rediyo ya gaya mini halin da ƙasa ke ciki ba. Kwanon da a da ake ciko shi har a danne murfi, yanzu da ƙyar hatsi ke rufe gindinsa. Gidajen da ba su san masara ba sun koma masara, masu masara sun fara haɗa ta da busasshen rogo. Akwai masu aiko da dusa a ɓoye ƙarƙashin ɗan hatsi a ce in lausasa, ni kuma in lausasa in kama bakina. Manomi ba ya isa gonarsa ta nesa sai ya biya 'yan bindiga ko ya sayar da rai, gas kuma kullum ka je gidan mai sai ka tarar ya hau. Kuna cewa kasuwancin gobe a cikin waya yake. Ban musa ba, karen bana shi ke maganin zomon bana. Ni ma da aka yi ƙarancin takardun kuɗi na koyi karɓar tiransifa, da tabarau a kan hanci. Kuna ta zancen injin niƙa mai aiki da hasken rana, ku kawo shi gobe, zan iya shi kafin ku gama ɗaukar hotonsa. Abin da ke tayar mini da rai shi ne wancan zancen naku na biyu, wai ƙasar nan ta mutu, mai hankali ya tattara ya yi Gusau ko Kano, ko ya faɗa ramin zinari. An taɓa gaya mini haka, kuma wanda ya fi ku gemu ne ya faɗa.

Da ƙarfin Baba Tukur ya ƙare, 'ya'yansa duk sun yi boko sun kama aikin ofis, sai ya sallame ni da injin nasa. Dattijo muke kiran injin. Na kawo shi nan Zurmi, Baba kuma ya biyo shi a bayan mota don ya zaunar da shi da kansa. Ya sa aka haƙa rami har ƙugu, aka jera duwatsu, aka zuba kankare, aka dasa dogayen ƙusoshi, aka shimfiɗa gungumen kirya, sannan aka ɗora inji. Ya ajiye kofin ruwa a kansa, aka tayar, ya tsaya yana kallon ruwan. Da ya ga yana rawa ya sa aka kashe aka sake gyara zama, sai da ruwan ya kusa tsayawa cak. Sannan ya jawo ni ya yi mini ihu a kunne, don kurma bai san ƙarfin muryarsa ba, ya ce irin wannan inji ba tsufa ke kashe shi ba, girgiza ce. In yana zaune a kan gindinsa zai binne ni ya binne ɗana. In kuwa ya yi aiki ba gindi, ƙarfen cikinsa zai gaji ya karye, kuma ba da daɗewa ba. Daga kan wannan gindin na yi aure, na yi gida, na aurar da 'ya'ya, ban taɓa buɗe cikin Dattijo don wata babbar cuta ba.

Sai shekarar da aka rufe komai. Kuna nan, kun san ta. 'Yan bindiga sun addabi ƙasa, hukuma ta ce za ta toshe musu hanyar abinci da mai. Aka rufe kasuwannin mako har da ta Shinkafi, aka yanke layin waya, wayoyinku suka koma tocila, Nura ya kulle rumfa ya koma sayar da rake. Aka kuma hana sayar da mai a jarka. Gidan mai ɗaya ya rage yana aiki a bakin gari, da jami'an tsaro zaune a wurin, a tankin mota kawai ake zubawa. Ban ga laifin dokar ba, kowa ya san da jarka ake kai wa mutanen daji mai. Sai dai ni ma da jarka nake shayar da Dattijo. Rumfunan niƙan gari suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka bi ta bayan fage suna zuƙo gas daga tankin manyan motoci da tiyo, aka kama ɗaya aka ce mai kai wa daji ne, da ƙyar da jiɓin goshi ya fito. Ni na lallaɓa da ɗan abin da ya rage mini har ya ƙare, na kashe inji na lulluɓe shi da buhuna.

Yayana Sani, wanda ya yi koyarwa har ya yi ritaya, ya zo ya same ni. Ya ce ya samo mai saye a Gusau, in sayar tun inji yana da daraja, in kwashi iyali mu koma can, akwai ɗaki a gidan surukinsa, in kama ko da gadi ne. In kuma na ƙi, to in bar shi a lulluɓe, ƙarfe ba ya ruɓewa, doka kuma ba ta dawwama. Magana ce ta hankali, ban taɓa cewa ba ta hankali ba ce. Na ce ya ba ni lokaci.

A kwanakin nan makarantar firamaren unguwarmu ta cika maƙil da mutanen ƙauyuka da aka koro. Aka kawo musu agajin masara, buhu-buhu, tsabarta. Wanda ya aiko Allah ya saka masa da alheri, amma bai tuna cewa mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar turmi ba. Matan nan sun baro turamensu da taɓarensu da duwatsun niƙansu a ƙauye, wasu ma an ƙone su tare da ɗakunan. Aka yi ta aron turamen cikin gari har aka fara faɗa a kansu, ba su isa ba. Sai suka koma dafa masarar haka nan a ba yara. Cikin babba ma da ƙyar yake narkar da ita, balle na ɗan yaye. Yara suka kama zawo.

Wata safiya ina zaune a bakin rumfa ba aikin fari ba na baƙi, sai ga wata tsohuwa daga cikin mutanen makarantar, Inna Hajo ake ce mata, da kwanon masara a ka. Ta sauke shi a inda ake jera kwanoni, kamar ba ta ga buhunan da ke kan inji ba. Na gaishe ta na ce babu gas. Ta ce ta ji. Na ce to ai ba niƙa ke nan. Ta dube ni ta ce:

"Ɗana, jikanyata ba ta da haƙoran tauna wagga masara. Ƙanenta shekaranjiya munka binne shi. Kai ad da inji, ni ko turmi ban da. Ka san yadda za ka yi."

Ta juya ta tafi ta bar kwanon. Na ji kunya, na ji haushi, na rasa wanda zan huce a kansa.

Na tashi na nufi gidan man nan. Alhajin da ke da wurin ya san ni tun ba yau ba, amma ya ce ko cokali ba zai zuba mini a jarka ba, yana so ya kwana a gidansa. Na wuce wajen babban jami'in da ke zaune a ƙarƙashin dogon yaro, na durƙusa na yi masa bayani. Mutumin kirki ne, sai dai ya gaji da jin labarai. Ya ce duk wanda ya zo da jarka marayu ne da shi a gida, shi kuwa ba shi da hanyar sanin inda mai zai kwana in ya bar idonsa. Na ce ranka ya daɗe, in man bai bar idonka ba fa? In na kawo injin nan, aka zuba a tankinsa, na ƙone shi a gabanka har ɗigon ƙarshe? Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi girman injin. Na kwatanta masa. Ya yi dariya ya ce in na iya kawowa shi zai sa a zuba, don ya tabbata ba zan iya ba.

Kada ku ɗauka ban yi tunani ba. Na dawo na yaye buhunan na zauna, in kalli Dattijo in kalli kwanon tsohuwa. Na san in na ciro shi daga gindinsa na yanke masa kwana, in ya mutu kuma ba ni da abin sayen ko ƙafarsa ɗaya. Tsoro na ji, sosai. Yaya Sani da labari ya kai masa ya zo a fusace.

"Garba, kai kaɗai ka jin tausai garin ga? Abincin ɗiyanka za ka ɗauka ka hwarhwashe bisa titi?"

Na ce, "Yaya, na ji. Amma in mutuwa za shi yi, shi mutu shina aiki."

Ya ce Allah ya shirye ni, ya kaɗa riga ya tafi.

Amalanke na samu a wajen masu ɗaukar yashi, babba mai tayar mota. Shanun ja ne suka zama aiki, don an kwashe na kowa. Sai na tuna da Buba, wani Bafulatani abokina da ke kawo mini niƙan gero tun yana da garke. Mutanen daji sun kore masa shanu kaf, sai bijimai biyu na huɗa da Allah ya sa suka kwana a gari ranar. Ya dawo bayan gari ya rakuɓe da iyalinsa. Can daji ana ce masa ɗan leƙen asirin gari, nan gari kuma wasu na kallonsa a kaikaice, ko shago ba ya son shiga. Na gaya masa abin da nake so, na kuma gaya masa gaskiya cewa ta tsakiyar gari za mu bi da rana tsaka, kowa na kallo. Ya murza sandarsa. Can ya ce matarsa ma tsabar masara take dafawa, yaushe za mu fara.

Notukan gindi sun yi tsatsa sun ƙi sifana, wasu sai da muka sare su da zarto. Ina yanka ina jin kamar jikina nake yanka. Mazan makarantar suka zo, manoma ƙarfafa da zaman banza ya ishe su, suka zura sanduna suka ɗaga da kabbara. Na shimfiɗa tsofaffin tayoyi a kan amalanke, na ɗora gungumen kiryar, muka zaunar da inji da kan niƙa, wato ɓangaren da duwatsun suke, a jere, na ja bel, na ɗaure komai da sarƙa, duron ruwa a baya. Buba ya ɗaura wa bijimansa karkiya ya yi musu magana da Fulatanci, suka yunƙura. Tayoyi suka lotse, amalanke ta yi ƙara, ta motsa.

Gari ya fito kallo. Wasu na cewa Garba ya haukace, wasu na cewa Gusau zai kai ya sayar. Da na waiga sai na ga matan makarantar sun biyo mu a baya da kwanoni a ka, Inna Hajo a gaba da sandarta. Jami'in nan da ya hango mu ya miƙe tsaye ya riƙe ƙugu. Bai ci amana ba, Allah ya saka masa. Muka ja amalanke har bakin famfo, aka cika tanki, muka ja ta zuwa fili can nesa da famfon, a inda yake ganinmu. Aka kwance shanu, aka tokare tayoyi da duwatsu, na cusa kututture a ƙarƙashi ta ko'ina. Na yi bisimilla na juya hannu. Dattijo ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Amalanke ta ɗauki rawa kamar mai zazzaɓin damina. Na wanke shi da dusa, sannan na zuba masarar Inna Hajo, na matsa maɗauri har ta fito da laushin da jariri zai iya sha a kunu.

Na ga bakin Nura yana motsi, zai ce me ya hana in yi masa gindi a can. Tiyon famfo ba ya kaiwa fili, kuma ba a tayar da inji kusa da famfon mai. Dole kullum Dattijo ya je bakin famfo da kansa, don haka dole ya zauna a kan taya. Haka muka yi ta yi. Da safe mu ja shi, a zuba, in niƙa har tanki ya bushe, wani daga cikin jami'an ya zo ya zura kara a ciki ya ga ba komai, sannan mu ja shi gida. Mai abin biya ya biya, marar shi ya bar dusa, dusar kuma ta shanun Buba ce. Kwanonin cikin gari ma suka biyo mu, har na gidan liman. Mutanen da a da ba sa amsa sallamar Buba suka fara yi masa sannu da aiki. Da masu ƙananan injuna suka ga abin ya yiwu, sai suka fara turo nasu a baro, filin nan ya zama kasuwar niƙa. Yaran makarantar suka koma shan kunu, jikanyar Inna Hajo har ta fara bin kakarta zuwa filin da ƙafarta.

Ni kuwa ina jin abin da ke faruwa a cikin Dattijo. Duk tsayawar da na yi sai na bi notuka da sifana, kafin a jima sun sake saki. Baƙin mai ya fara tsatsafowa ta inda bai taɓa ba. Sannan wata 'yar ƙwanƙwasa ta shigo cikin muryarsa, can ƙasa, wadda ba wanda ke ji sai ni, in na ɗora tafin hannu a jikinsa. Kullum tana ƙaruwa. Na ƙara tayoyi, na rage masa gudu, na daina ba shi wake don yana ja masa nauyi. Na san lallashi ne kawai nake yi, amma kowace safiya in na ga layin kwanoni sai in juya hannu.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, ina niƙan dawa. Ƙwanƙwasar ta yi ƙarfi har Buba da ke can wajen shanu ya ɗago kai. Kafin in kai hannu in kashe, sai muka ji ƙara kamar an sare icce. Sandar ƙarfen cikinsa da ke juya ƙafafun ta karye, ta fasa gefensa ta leƙo waje. Baƙin mai ya malale a kan amalanke yana ɗiga ƙasa. Ƙafafun suka yi ta juyawa su kaɗai, a hankali, har suka tsaya. Na leƙa ɓarakar na ga babu abin da makanike ko mai walda zai iya yi. Na ce wa matan su kai sauran kwanonin wajen masu baro. Jami'in ya tako ya zo ya ce mini sannu, na ce yauwa. Hawaye sun zo mini, na share da gefen 'yar shara, na ce wa Buba ya kawo shanu.

Muka juyo da shi ta tsakiyar gari, a hankali, mai yana ɗiga a bayanmu. Da muka zo majalisar 'yan tireda, wani dattijo da ke kan tabarma ya dube mu, ya dafa ƙasa ya miƙe tsaye. Na kusa da shi ya miƙe. Masu shayi suka miƙe, teloli suka bar kekunansu suka fito bakin ƙofa suka tsaya, yadda ake yi in an zo wucewa da makara. Na san girmamawa ce. Amma wallahi raina ne ya ɓaci, don na ga abin da ke fuskokinsu, sun gama yanke cewa Garba ya ƙare, niƙa ta ƙare, saura a ji ya bar gari.

Na ɗaga murya na ce, "Ku zamna! Wa ya mutu?"

Ba wanda ya zauna sai da muka wuce. Yaya Sani yana cikinsu. Ya baro majalisar ya biyo ni, muka jera a bayan amalanke har ƙofar rumfa. Ya leƙa ciki ya ga tsohon kankaren da guntayen ƙusoshin da muka sare. Bai ce ai na gaya maka ba, na kuwa yaba masa da wannan. A hankali ya ce yanzu dai in huta, ɗakin Gusau yana nan, masu sayen tsohon ƙarfe za su ba ni abin da zai kai mu can.

Na ce, "Yaya, ara mini digarka."

Ya ce me zan yi da diga. Na ce wannan kankaren ya tashi aiki, fasa shi zan yi in haƙa sabon gindi. Ya ce na wane injin. Na ce ban sani ba tukuna. Ya girgiza kai, ya tafi.

Washegari da hantsi ina zaune a rumfar da babu komai a cikinta, sai ga shi da digar a kafaɗa. Na miƙa hannu in karɓa, bai ba ni ba. Ya tuɓe rigarsa ta malamai ya rataye a ƙusa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya tambaye ni ta wane gefe za a fara.